Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin SUBEB Na Jihohin Arewa: Ku Ba Malamin Aji Jagoranci Ba Tare Da Kun Raba Shi Da Alli Ba

Masu girma shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohin Arewa,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin firamare ne, na daɗe riƙe da alli, kuma buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙonku ku buɗe wa malamin aji hanyar da zai jagoranci 'yan'uwansa malamai a cikin makarantarsa, da takardar naɗi a hannu da ɗan alawus a aljihu, ba tare da an cire shi daga aji ba. Ba kukan albashi na zo da shi ba, duk da cewa shi ma yana nan yana jiran ranarsa. Ba kuma maganar rufin kwano da kujeru ba ce, waɗannan kuna jin su kullum a rediyo.

Ranku ya daɗe, a tsarinmu na yau malamin firamare ba shi da hanyar ɗaukaka sai guda ɗaya, wato ya bar aji. In ya nuna ƙwazo, yara suna fahimtarsa, iyaye suna yabonsa, ladansa shi ne a naɗa shi hedimasta, ko a janye shi zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a ba shi tebur da fayil. Daga ranar yara sun yi asararsa. Wanda kuwa ya ce shi koyarwa yake so, a nan zai tsufa, babu abin da zai bambanta shi da wanda yake zuwa ƙarfe tara ya sa hannu a rajista ya koma kasuwa. Ranar ƙarin girma shekarun aiki ake ƙirgawa da takardar shaidar karatu, su biyun a tare za su hau mataki. Yaya za a yi matashin da ya fito daga kwalejin ilimi da NCE ɗinsa ya ga wannan, sannan ya ɗauki koyarwa a matsayin sana'ar da ake ƙwarewa a cikinta? Abin da zai koya shi ne, aji wurin jira ne kafin Allah ya kawo hanyar fita.

Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin malamai ya san cewa ba hedimasta kaɗai ke tafiyar da makaranta ba. A kowace makaranta akwai wanda in babu shi jadawalin darussa ba zai fito ba. Akwai malamar da sabon malami yake laɓaɓawa wurinta bayan an tashi, ya ce, "Malama, don Allah yaya kike yi da 'yan aji ɗaya su yi shiru?" Akwai wanda ya san kowane gida a unguwa, in yarinya ta yi mako ba ta zo ba shi zai je ya yi sallama da mahaifinta, ya gano an ɗora mata tallan gyaɗa ne ko rashin lafiya ce. Akwai wanda yake haɗa sakamakon jarrabawa, da wanda yake raba faɗa tsakanin malami da uwar yaro. Waɗannan mutane shugabanci suke yi tun asali. Sai dai babu takarda, babu kwabo, ba a rage musu darasi ko ɗaya ba, kuma in kun buɗe fayil ɗinsu a hedikwata ba za ku ga alamar sun taɓa yin komai ba. Ranar da aka yi wa ɗayansu canjin wurin aiki, makaranta sai ta yi zango guda tana lalube.

Shi kuma hedimasta, mu yi masa adalci. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku da kanku kun san makarantun cikin birni da aji ɗaya yake ɗauke da yara sama da ɗari, wasu ma sai an raba karatun safe da na yamma. Mutum ɗaya ne a kan wannan taro. Yau an kira shi tantance ma'aikata, gobe cike takardun ƙidayar makarantu, jibi taron kwamitin SBMC na al'umma mai kula da makaranta, gata kuma wani mai ƙasa ya ci iyakar filin makaranta dole a je gaban mai unguwa. Yaushe zai shiga aji uku ya zauna a baya ya ga yadda ake koyar da kasafi? Ko da ya samu lokacin, ba lallai ne ya fi kowa sanin lissafi da karatun Hausa da Turanci da kimiyya gaba ɗaya ba. Shi ya sa abin da ake kira duba koyarwa ya koma sa hannu da jan biro a littafin tsara darasi, littafin da wasu suke kwafowa daga na bara, na bara kuma an kwafo shi daga na bara waccan.

Abin da nake roƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A tsangaya alaramma bai taɓa biya wa kowane kolo allonsa da kansa ba. Gardawa ne suke biya wa ƙanana, suna duba rubutu, suna gyara kuskure, alhali su ma suna kan nasu karatun a gaban alaramma. Kowa ya san matsayinsa, kuma ba da takardar neman alfarma ake zama gardi ba, sai an ji karatun mutum. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta san ba za ta iya kai kanta kowane ƙauye ba, sai ta zaɓi mata masu ilimi da dattako ta naɗa su jaji. Ta ba kowace malfa a matsayin alamar naɗi, ta ba ta waƙoƙin karantarwa, jajin ta koma ta jagoranci 'yan taru na garinsu tana koyarwa. Abin da Nana ta yi ya fi abin da muke yi yau tsari: ta zaɓa bisa cancanta, ta yi naɗi a fili yadda kowa zai gani, kuma ba ta raba jaji da ɗalibanta ba.

Ko a zamanin boko haka abin ya faro. Kwalejin Katsina don horar da malamai aka kafa ta. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a midil ta Bauchi har ya zama hedimastanta. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchin, ya yi aiki a kwalejin horar da malamai ta Maru, kuma a 1948 ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa. Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu. Muna yawan ambaton waɗannan sunaye ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, don mu ji daɗi, amma akwai abin da ba mu cika lura da shi ba. A wancan lokaci malami yana da ta cewa a makarantarsa da garinsa tun yana aji, a nan ya koyi riƙon jama'a. Yau kuwa malami mai shekara ashirin a bakin aiki ba a tambayarsa ko da wane littafi ya dace da 'yan aji biyu. Sai dai ya ga an sauke kwalaye.

Ranku ya daɗe, ba na cewa ba a taɓa gwadawa ba. An gwada, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Shirin ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya yi aiki a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa da Kwara. Ya horar da shugabannin makarantu da jami'an tallafa wa makarantu, ya koya musu shiga aji su kalli darasi sannan su zauna da malami a tattauna. Shirin SMASE da aka fara da taimakon Japan a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato ya koya wa malaman lissafi da kimiyya su shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, a dawo a gyara. Shirin TDP na horar da malamai ya biyo baya a Jigawa da Katsina da Zamfara. A Bauchi da Sakkwato an yi Mu Karanta, a Katsina da Zamfara an yi RANA, duka don koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar malamai masu yawa da suka ƙware, har suka horar da wasu. To ina suke yanzu? Da masu ba da tallafi suka naɗe tabarmarsu, babu wani matsayi a tsarin aikin gwamnati da za a ajiye waɗannan malamai a kai. Wasu an janye su ofis. Wasu sun koma aji shiru, ilimin yana kansu, babu wanda ya ba su izinin buɗe baki. In malama ta ce wa abokiyar aikinta, "Zo in nuna miki yadda ake koyar da haɗa baƙi da wasali," amsar da za ta iya samu ita ce, "Ke a wa?" Kuma gaskiya, a takarda, ita a wa?

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na dunƙulallen asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya domin ilimin bai-ɗaya, kuma a tsarin rabon UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kashi 10 cikin ɗari na wannan kuɗi na horar da malamai ne. Kun fi ni sanin yadda yawancinsa yake tafiya: bita ta kwana uku ko biyar a lokacin hutu, a tara mutane a babban ɗaki, a raba jaka da biro da kuɗin mota, a ɗauki hoto. Ba na raina bita, na ƙaru da wasu. Amma abin da aka koya a ɗakin taro ranar Laraba yakan mutu ranar Litinin, lokacin da malami ya tsaya gaban yara tamanin babu wanda zai waiwaya ya tambaya. Sannan akwai fuskokin da ba sa rasa kowace bita, ko ta lissafi ce ko ta tsaftar muhalli, saboda sunayensu sun saba da hanyar ofis. Da za a ɗauki wani ɓangare na wannan kuɗi a mai da shi alawus na wata-wata ga malamin da zai riƙa horar da 'yan'uwansa a cikin makaranta duk mako, da horon ya zauna inda yaran suke.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. An yi ta muhawara a kan wannan, kuma ba ita na zo tayarwa ba. Tambayata daban ce. Mutum sama da dubu goma sha ɗaya sun tsallake, kuma babu shakka a cikinsu akwai waɗanda suka yi zarra. Duk ƙasar nan ta san adadin waɗanda suka faɗi. Wa ya taɓa jin an yi maganar waɗanda suka fi kowa ci? Jarrabawar da za ta iya nuna rago za ta iya nuna gwani. Sa'ad da kowace jiha ta ɗauki dubban sababbin malamai lokaci guda, gwanayen nan ne ya kamata a danƙa wa su, kowane da 'yan ƙalilan a ƙarƙashinsa, har su tsaya da ƙafafunsu. Ba Kaduna kaɗai ba, mu duka mun iya farautar malamin da bai iya ba, amma ba mu da wata hanya ta gano wanda ya iya.

Ga kuma dokar da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. A jihohin da suka fara aiki da ita, an ƙara wa dattawanmu shekara biyar. Me za a yi da su a waɗannan shekaru? Mutumin da ya haura sittin ba zai iya tsayuwa daga safe zuwa azahar yana ɗaga murya a kan yara ɗari ba. Amma zai iya zama a bayan aji ya kalli yaro ɗan shekara ashirin da biyar yana koyarwa, bayan an tashi ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma ka lura duk tambayoyinka layin gaba kake jefa wa?" Wannan jimla ɗaya ta fi bitar mako guda. Ba kowane dattijo ne zai dace ba, akwai wanda shekaru kawai ya tara. Amma waɗanda suka dace suna da yawa, kuma in ba a yi amfani da su ba za su tafi gida da abin da suka sani.

To, me nake nufi a aikace? A samar da matsayi a tsarin aiki, a kira shi jagoran malamai ko duk sunan da kuka ga ya dace. A ƙaramar makarantar ƙauye mutum ɗaya ya isa. A babbar makaranta a samu mai kula da koyar da karatu a aji ɗaya zuwa uku, domin a nan ake ginawa ko a rushe, da mai kula da lissafi da kimiyya, da mai riƙe sababbin malamai. Jagoran nan yana da nasa ajin ko nasa darasin, sharaɗi ne, domin ranar da ya daina koyarwa 'yan'uwansa za su daina jin maganarsa. Sai dai a rage masa darussa kaɗan a mako, ya samu damar shiga ajin wasu, su ma su shigo nasa. A ware awa ɗaya a mako, a rubuta ta cikin jadawali, malamai su zauna da littattafan yara a gabansu, ba don sanarwar biki ko karɓar kuɗin adashi ba. A ce, ga yara ashirin a aji uku da har yanzu ba sa bambanta "b" da "d", wa yake da dabara? A yi naɗin na shekara uku, in ya yi kyau a sabunta, in bai yi ba a ba wani. A kuma rubuta shi a fayil, ya yi nauyi ranar ƙarin girma. A Singafo sun daɗe da raba hanyar ɗaukaka ta malamai gida uku, har mutum yana iya kaiwa babban matsayi da albashi mai tsoka yana nan a fagen koyarwa, bai taɓa zama shugaban makaranta ba. Ba na cewa mu kwaikwayi albashinsu, amma raba hanyar ba ya buƙatar arzikin Singafo.

Inda abin zai gyaru ko ya lalace shi ne wurin zaɓe, don haka ku ba ni dama in ɗan tsaya a nan. In aka bar shi a hannun mutum ɗaya, ko hedimasta ko sakataren ilimi, cikin shekara guda zai koma wani sabon kason da ake raba wa 'yan gaban goshi da masu katin ɗan siyasa. Na taɓa aiki a wata makaranta da aka turo mana shugaba wanda tsofaffin malaman wurin ne suka koyar da shi a firamare, ba don ya fi su iyawa ba, sai don yana da wani a sama. Ba su yi masa rashin kunya ba. Shiru kawai suka yi, kowa ya shiga ajinsa ya rufe ƙofa, duk wata shawara ta ƙafe, makarantar ta koma ɗakuna goma sha da ba ruwan wani da wani. Don haka a sanar da gurbi a fili a allon sanarwa. Mai so ya nema. A shiga ajinsa a ga yana koyarwa, ba sau ɗaya ba, kuma ba da sanarwa ba. A ɗauki yara biyar daga ajinsa ba tare da shi ya zaɓa ba, a ba su littafi su karanta. A tambayi abokan aikinsa a asirce: in kana da matsala a darasi, wurin wa kake zuwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma za ku yi mamakin yadda bakin malamai zai zo ɗaya a kan suna guda. A sa wakilin iyaye daga kwamitin SBMC a cikin masu tantancewa, da wani hedimasta daga wata makarantar daban.

Abu na biyu da zai kashe shi, shi ne a mai da jagora ɗan rahoto. In malamai suka fahimci cewa duk abin da ya gani a aji zai isa ofis a rubuce, kuma za a yi amfani da shi a tsayar da albashi, to ba wanda zai sake nuna masa rauninsa. Za a riƙa shirya masa darasi na musamman kamar yadda ake shirya wa sufeto. Aikin kama mai fashin aiki yana da masu shi, ku bar musu. Jagora aikinsa gyaran koyarwa ne, kuma malami ba ya yarda a gyara shi sai a gaban wanda ya amince ba zai tona masa asiri ba.

Sai maganar mata. A makarantun cikin gari da yawa malamai mata ne suka fi yawa, musamman a ƙananan azuzuwa, kuma su ne suka fi haƙurin koyar da karatu. Amma da an zo rabon shugabanci sai a ce ai tana da yara, ai maigidanta ba zai bari ta riƙa yawon ofis ba. Wani lokaci ma gaskiya ne, ita da kanta ba ta son kujerar hedimasta saboda zirga-zirgar da ke cikinta. Jagoranci a cikin makaranta ya warware wannan. Ba ya buƙatar tafiya, ba ya buƙatar kwana a wani gari. A ƙauyen da iyaye suke ɗari-ɗari da barin 'ya mace ta wuce aji huɗu, ganin malama 'yar garin tana da matsayin da maza suke zuwa neman shawararta ya fi kowane jawabin wayar da kai tasiri.

Na san abin da za a ce. Za a ce babu kuɗi, ga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ma wasu wuraren ana ta ja-in-ja a kan isarsa ga malaman firamare. Amsata ita ce ba sabon ma'aikaci za ku ɗauka ba, kuma na nuna muku aljihun da za a iya taɓawa. Za a ce malamai sun yi ƙaranci, in an rage wa wani darasi wa zai shiga? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba zan yi kamar ba ta da shi ba. A makarantar da malami biyu suke riƙe da aji shida, babu abin da za a rage. Irin waɗannan sai a haɗa makarantu uku ko huɗu na kusa su yi tarayya a jagora ɗaya, a ba shi kuɗin man babur. Amma kafin a ce babu malamai, a ƙirga waɗanda suke karɓar albashin koyarwa suna zaune a ofisoshi babu takamaiman aiki, da waɗanda aka cunkusa a makarantun bakin titi saboda ba sa son ƙauye. Za a kuma ce shugabannin makarantu ba za su so ba, za su ga an kawo musu kishiya. Wasu za su ji haka. Mafi yawansu kuwa, in aka fayyace cewa jagora a ƙarƙashinsu yake, babu ruwansa da kuɗi ko hatimi, hamdala za su yi. Ku zauna da ƙungiyarsu ta AOPSHON tun kafin a fara, kada su ji labari a rediyo.

Ina da 'yar magana ga ƙungiyarmu ta NUT, tunda na san za su karanta. Tun 1931 ƙungiyar nan take fafutuka, kuma ba don ita ba da ba a san inda muke ba. Amma mun saba da neman abin da za a raba wa kowa daidai, har muna jin tsoron duk abin da zai ce wane ya fi wane iya aiki. Wannan tsoron yana da dalili, mun ga yadda ake amfani da kalmar cancanta a yi son kai. Maganinsa shi ne ƙungiya ta shiga cikin tsara ƙa'idar zaɓen, ta sa ido, ba ta toshe ƙofar ba. Mu ma malamai mu rage "ai tare muka fara aiki, shi zai koya mini?" Likitoci suna da babban likita da yake zagaya gadaje da ƙanana a bayansa, ba wanda ya ce an ci mutuncinsa.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin ba a jinkirta ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sake tayar da tambayar wa zai riƙe malaman firamare, kuma tsofaffinmu ba su manta da wahalar farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka bar albashi a hannun ƙananan hukumomi. Duk yadda ta kaya, makarantar da take da malamai masu riƙe junansu a cikin gida za ta fi jure girgizar sama. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, wasu jihohin ma suna ta ƙara kason ilimi a kasafin kuɗi. Gine-gine za su tashi, za a ɗauki sababbin malamai. Waɗannan sababbin za su shiga aji ranar farko, kuma dole wani ya nuna musu yadda ake yi. Ko ku zaɓi wannan mutum da kanku bisa ƙa'ida, ko kuwa su koya daga duk wanda suka tarar a ƙarƙashin bishiya yana taɓa waya.

Ba na roƙon ku fara da jiha gaba ɗaya. Kowannenku ya ɗauki ƙaramar hukuma biyu, ɗaya ta birni ɗaya ta karkara, a zangon farko na shekarar karatu mai zuwa. A gwada karatun 'yan aji biyu da aji uku kafin a fara, a sake gwadawa bayan shekara, a kwatanta da maƙwabtan da ba a yi wa ba, a buga sakamakon kowa ya gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. A kuma yi wa waɗanda aka naɗa alkawarin ba za a ɗauke su daga makarantar ba har wa'adinsu ya cika. Sa'ad da za ku rubuta ƙa'idojin, ku kira malaman aji su zauna a teburin, waɗanda har yanzu alli yake ɓata musu riga, kuma kada ku bar wa ofis zaɓen waɗanda za su zo.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin firamare daga Arewa